Muryar Maƙwabciyata Kurma

Haihuwata ta fari a gidan haya na yi ta, a Kaura Namoda, bayan tashar jirgi. Ya kamata in tafi gida Gurbin Bore wankan jego, amma a shekarar hanya ba ta biyuwa. Mahaifiyata ma da ƙyar ta zo suna, ta juya da sauran rana. Maigidana direban motar hatsi ne, yau yana Shinkafi gobe Kasuwar Daji. Aka bar ni daga ni sai jaririya, sai tsohuwa mai gidan da ke dafa mini ruwan wanka.

Yarinyar nan kuka gare ta. Ta sha nono ta ƙoshi, kuka. A yi mata wanka, kuka. Mun kai ta asibiti, aka duba aka ce lafiyarta lau, za ta daina. Tsohuwa ta yi mata tofi. Na rera mata duk waƙar rarrashin da na ji a bakin kakata, kamar zuga ta nake yi. Kafin kwana ashirin idona ya faɗa, abinci ma ba ya shiga.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata mata ce kurma, ta girme ni nesa, tana soya awara a ƙofar gida da yamma. Ta riga ni haihuwa da wata guda, ɗanta na uku. Tsakaninmu sai ɗaga hannu da murmushi. Idan ta rungumi ɗanta takan yi wani sauti mai kauri daga ƙirji, ba hawa ba sauka, kamar injin niƙa a wata unguwa can nesa. Matan gidan sukan ƙunshe dariya. Ba zan ɓoye ba, ni ma na taɓa yi.

Wata rana da hantsi na zauna bakin ƙofa, yarinya tana tsala ihu a cinyata, ni ma sai na fashe da kuka. Maƙwabciyar tana tace waken awara. Ba ta ji mu ba, ganinmu ta yi. Ta ɗauraye hannu, ta goge da gefen zani, ta zo ta miƙo mini hannu biyu. Na tsaya ina kallonta.

Tsohuwa ta ce daga gindin murhu, "Ba ta mana, ɗiyata. Ukku tar rena, ke ko guda ta gagare ki."

Na ba ta. Ta kwantar da ita a ƙirji, kunnen yarinyar daidai ƙasan wuyanta, ta dafe bayanta da tafin hannu, ta soma sautin nan nata. Da fari kukan ƙaruwa ya yi. Ita kuwa ba ta fasa ba, ba ta kuma ƙara ƙarfi ba, tana ɗan rangaji a tsaye. Can sai kukan ya koma shessheƙa, hannuwan da ke dunƙule suka buɗe. Barcin da ta yi ke nan har azahar. Ni ma a nan kan tabarma barci ya kwashe ni, ban san lokacin da aka lulluɓe ni ba.

Washegari na je ɗakinta, na nuna mata da hannu ina son in koya. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, na ji yana karkarwa kamar bayan mage. Sai ta ɗora nata hannun a ƙirjina, ta nuna in yi. Na yi, ta girgiza kai, ta taɓa hancina: daga nan nake fitarwa. Ta danna ƙirjina, wato in saukar da shi ƙasa. Kwana uku muna haka, da hannu take gane na yi daidai ko ban yi ba. Tsohuwa tana dariya tana cewa, "Yau ga kurma na koya ma mai kunne waƙa."

Da maigidana ya dawo ya tarar ina yi, ya ce, "Ke, mi na haka, kamar mota ta ƙi tashi?"

Na ce, "Ta yi barci ko ba ta yi ba?"

Bayan kwana biyu na kama shi yana gwadawa, kuma nasa ya fi nawa ci, don muryarsa ta fi kauri.

Ana gab da arba'in ɗina, muna zaune a inuwa mu uku, yara duk sun yi barci, sai maƙwabciyar ta taɓa tsohuwa ta yi ta magana da hannu. Tsohuwa ta daɗe da ita, ta fi kowa gane ta. Ta juyo ta ce mini, "Wai tun tana ƙarama, in ta yi sauti cikin mutane uwatta ka buge mata baki. Ba ta sake yi ba sai da ta haihu, ta ga yaro na lafawa. Tambayarki takai, abin da daɗin ji? Ba ta taɓa tambayar kowa ba."

Na tuna dariyar da na yi, kunya ta kama ni. Na ce, "Inna, ce mata kamar rugugin hadarin farkon damina ne, in yana nesa."

Tsohuwa ta ce, "To ita ina ta taɓa jin hadari?"

Sai kawai na kama hannunta da hannuwana biyu, na gyaɗa mata kai, na sake gyaɗawa. Ta daɗe tana duban fuskata, ko ƙarya nake yi. Sannan ta yi dariya da ƙarfi, ba ta rufe baki ba. Ranar na fara jin dariyarta.

Bayan kaka mijinta, wanda tela ne, ya sami shago a Shinkafi, suka tashi. Ba wayar da zan kira ta mu gaisa. Sau ɗaya na ba maigidana sabulu da turare ya kai mata. Ya dawo mini da 'yar hula ja da ta saƙa wa yarinyar da hannunta. Na gwada mata, ta ƙi shiga, kan ya riga ya girma.