Yatsan Zulai a Kan Man Kaɗe

Zulai ba haɗa mai ya kawo ta Abuja ba, miji ta biyo. Shi kuwa mijin, Ɗangoggo, dakon siminti ya raba shi da ƙauyensu na yankin Giwa ya kawo shi Dei-Dei, yau shekara ashirin da ɗoriya. Siminti ya cinye masa hannu, tafin ya tsattsage, har tuwo ba ya iya gutsura sai da cokali.

Zulai ta duba ta duba, sai ta tuna abin da kakarta take yi wa masu faso. Ta samo man kaɗe wajen matan Gwari. Ta tsinko ganyen darbejiya da na zogale ta shanya kwana bakwai a inuwa. A inuwa fa, don ta ce rana tana shanye ƙarfin ganye, ɗanyen ganye kuma yana sa mai ya yi funfuna. Ta daka, ta zuba cikin narkakken mai a kan wuta kaɗan-kaɗan, ta tace da farin ƙyalle, ta yi ta bugawa da muciya har ya kama jikinsa. Kafin wata ya mutu Ɗangoggo ya ajiye cokali.

Leburori suka ji labari, matansu suka ji, sana'a ta samu.

Zulai ba ta yi boko ba, ba ta da takardar liƙawa. Abin da take yi shi ne, in ta cika roba mai ya fara daskarewa, sai ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta dangwala babban yatsanta na dama a sama. Yatsan yana da tabon wuƙa da ya ratsa shi tun tana yarinya, don haka duk wanda ya buɗe murfi zai ga ɗan rami da layi a tsakiya. Sa hannunta ke nan.

Ana nan sai wata mai shagon kayan kwalliya a Kubwa, Hajiya Mashkura, ta fara ɗaukar man katan-katan. Ita ta buga takarda mai kyau da sunan Zulai ta liƙa. Rabin abin da Zulai take haɗawa shagon nan yake tafiya. Wata rana Hajiya ta rage murya ta ce, "Yaya Zulai, matan yanzu haske suke so. Ki ɗan matsa musu man bilicin a ciki mana, kaɗan, ba mai ganewa."

Zulai ta ce, "Hajiya, ni gyaran fata nake yi, ba fenti ba. Mai son fenti ya zo Dei-Dei, a bokiti ake sayar da shi."

Hajiya ta yi dariya, magana ta wuce. Zulai ta ɗauka ta wuce ɗin.

Bayan 'yan watanni sai ta ga matan da suka saba zuwa gida saye sun ɗauke ƙafa. Ba ta san dalili ba sai ranar da wata mata ta yi sallama da hantsi, ta rufe fuska da gyale. Janet sunanta, shara take yi a wani ofis a cikin gari. Ta yaye gyalen. Kumatun sun yi jajur sun saɓule, ƙarƙashin ido baƙi ƙirin.

"Mama, kai ne Zulai? Duba fuskana. Mai naka ne ya ƙona ni. Oga ya ce in zauna gida sai ya warke. Duk Kubwa na gaya musu."

Zulai ta karɓi robar da Janet ta miƙo. Takardar tata ce. Ta shinshina, ta ji turare ya danne ɗacin darbejiya. Ta ce, "'Yar nan, ranar da kika buɗe shi sabo, kin ga yatsa a sama?"

"Wane yatsa? Sumul yake."

Zulai ta ɗauki mayafi. Ɗangoggo yana zaune a kan benci, tsufa ya riga ya raba shi da dako. Ya ce, "Zulai, ki bi a hankali. Matar nan ita take kwashe rabin kayanki."

Ta ce, "Malam, sunana take kwashewa." Ta saka sabuwar roba ɗaya a jaka, ta ce Janet ta biyo ta.

Sun tarar da shagon da mata huɗu ko biyar suna ciniki. Zulai ta gaishe da kowa yadda ya kamata. Sannan ta miƙa hannu kan kanta, ta ɗauko roba ta buɗe. Sumul. Ta buɗe ta biyu, ta uku, har goma, tana jerawa. Ta fito da tata ta buɗe a gefensu, ga rami, ga layi.

"Hajiya, ina yatsana ya tafi?"

Hajiya ta ce, "Haba Yaya Zulai, zafi ne. Kin san man kaɗe, narkewa ya yi ya sake kamawa."

"Wanda ya narke ya kama tsaki-tsaki yake yi. Wannan kuwa kamar koko." Ta sunkuya ta jawo katan ɗin da ta kawo makon jiya, wanda ba a taɓa ba. Ta buɗe roba uku, kowace da yatsa daram. "Su waɗannan a firji suka kwana, ko zafin naki zaɓe yake yi?"

Ɗaya daga cikin matan ta ajiye robar da ke hannunta a hankali. Janet ta yaye gyale, ta juyo musu da fuskarta.

Zulai ta zauna a ƙasa ta bi robobin nan goma tana ɓare takardar sunanta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta gama, ta ɗora katan ɗinta a ka.

Hajiya ta ce, "To sai ki sayar a ina? A tire?"

"A tire."

Haka kuwa aka yi. Yanzu duk safiya tana zaune inda ma'aikatan Kubwa suke layin shiga bas, tire a gabanta, kowace roba a buɗe take nuna ta kafin a saya. Ba ta sayar da yawan da take sayarwa a da, gwiwarta ma ba ta son hanyar. Fuskar Janet sai da ta yi wata huɗu, da asibiti da haƙuri, kafin ta koma aiki. Ita ce yanzu take jawo mutane daga layi tana cewa, "Ku duba yatsa, in babu kar ku saya."

Kullum sai an samu wadda za ta sunkuyo ta yi raɗa, "Mama, yana sa haske?"

Zulai ba ta raɗa. "Ba ya sawa. Yadda kika zo haka za ki koma, sai dai laushi."

Wasu su ajiye su wuce. Ta mayar da murfi, ta jira na baya.