Sadakar Alhaji Mamudu ta Ƙofar Baya

Ko da zan manta da komai na aikin nan, ban da makon da Alhaji Mamudu ya aike ni Djougou neman buton. Ku masu koyon aiki, buton shi ne ɗan makunnin da ake dannawa gilashin mota ya sauka ko ya hau. Bai fi ɗan yatsa ba, amma ya hana ni barci ya kuma cinye mini tafin takalmi.

Lokacin ni ne mai kula da wayoyin mota a garejinmu na Ganou, a nan Parakou. Alhaji Mamudu dillalin shanu ne, kuma duk manyan motocinsa na ɗaukar dabbobi wurinmu ake gyara su. Rabin tuwon garejin daga hannunsa yake fitowa. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa da ya gada wurin mahaifinsa, ta girmi yawancinku. Ba ta kwana a gareji. In ta yi tari, mu ake kira mu je gida mu duba ta kamar marar lafiya.

Ana tsakiyar bazara buton ɗin ƙofar gaba ya mutu, gilashi ya maƙale a sama, robar da ke kewaye da shi ma ta tsage. Ga shi Alhaji ya yi alkawarin kai Malam Abdu, malamin da ya koya masa karatu, walimar saukar Alƙur'ani a Partago ranar Asabar. Malam tsoho ne mai ciwon ƙirji, in babu iska numfashinsa sarƙewa yake yi, kuma ba a sa malamin mutum a kujerar baya.

Na ce, "Alhaji, abu mai sauƙi. Mu ciro na ƙofar baya mu sa a gaba, iri ɗaya ne."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Salifu, motar babana za ka yanke wa ƙafa ka liƙa mata a hannu? Jamais, har abada! Ka nemo wani. In Asabar ta yi gilashin nan bai sauka ba, zan kwashe motocina in kai inda aka san aiki."

Patron ɗinmu, wato mai garejin, da ya ji, abu ɗaya ya faɗa mini: kada in dawo hannu rabbana.

To, ga yadda ake neman kayan tsohuwar mota. Ba a zuwa kanti, don masu ƙera ta sun daɗe da mantawa da ita. Kas ake zuwa, wato inda ake farfasa matattun motoci a sayar da sassansu. Ka sa mataccen kayan a aljihu don samfuri. Sannan akwai doka biyu da ba wanda ya rubuta su. Mai kas ba ya cewa babu, sai dai ya ce, "Zauna, ina zuwa," ya je ya tambayi na gaba da shi. Kai kuma mai saye ba ka tambayar inda kaya ya fito, kuma ba ka faɗin sunan mai mota, don da an ji Alhaji ne farashi zai yi fiffike.

Na zaga kas ɗin Parakou kaf. Na zauna a kan benci har wandona ya san kowane ƙusa. Daga ƙarshe wani ya ce in gwada Baba Sidi a Djougou, shi ne ke ajiye tarkacen da kowa ya zubar. Na hau taksi na tafi.

Baba Sidi ya juya samfurin a hannu, ya hura masa iska, ya ce, "Wannan ai kakan butoci ne. Na wace mota?"

Na ce, "Baba, mota ce da za ta kai wani tsohon malami sauka. Ba shi da lafiya, iska yake bukata." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi suna ba.

Ya ce, "Pas de problème, ba matsala. Zauna, ina zuwa."

Zaman nan ya kai ni washegari. Na ci sakwara da wagashi, cukun nan na Fulani, har na fara jin kunyar mai abincin. Da la'asar sai ga direban taksi daga Parakou ya miƙo wa Baba Sidi ɗan ƙunshi. Buton ne da robarsa, lafiyayye. Na biya, na yi godiya, na juya shi don in duba wayoyinsa. Sai na ga ɗigon darma a gefen hagu, mai ɗan karkata. Kowane mai gyara ya san hannunsa. Ni na yi wannan ɗigon bara, a ƙofar baya ta motar Alhaji Mamudu.

Na karya doka na tambaya. Baba Sidi ya ce shi dai ya kira Gado, wani mai kas a Tourou, can bakin garin Parakou. Da na dawo na biya ta wurin Gado, ya ba ni labari yana alfahari. Ya ce ya san mota irin wannan ɗaya ce ta rage a Parakou, don haka ya je ƙofar Alhaji ya durƙusa. Labarin da na ba Baba Sidi kuwa ya yi ƙiba a hanya: ya zama wani malami talaka a Djougou, numfashinsa na gab da ɗaukewa, motarsa ba ta buɗe gilashi. Alhaji ya ji tausayi har idonsa ya kawo ruwa, ya ce a ciro na ƙofar baya, sadaka, ko sisi ba ya so.

Wallahi na yi dariya har na zauna a kan wata tsohuwar taya. Abin da na roƙa aka ce jamais, an yi shi saboda Allah.

Na bar labarin a cikina. Na je na ɗaura, gilashi ya sauka sumul. Na dubi ramin da ke ƙofar baya na ce, "Alhaji, nan fa?" Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Wannan tsakanina da Ubangijina ne."

Ranar Asabar ni na tuƙa. Malam Abdu a gaba yana shan iska yana tasbihi. Alhaji a baya cikin babbar riga mai sitaci, gilashinsa a rufe, gumi na bin wuyansa. Ba mu yi nisa ba ya kasa riƙe sirrin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa.

"Malam, a sa ni a addu'a. Na taimaki wani malami a Djougou da buton ɗina na baya, shi ya sa kuka ga ina shan zafi."

Malam ya ce, "Madalla. Wane malami ne? Na san na Djougou duka."

Alhaji ya ce bai tambaya ba. Ni kuwa kafaɗuna sun fara rawa. Alhaji ya ce, "Salifu, me ke ba ka dariya?" Na gangara gefen hanya na tsaya, don ba zan kashe mutane ba, na ba su labari tun daga bencin Baba Sidi.

Malam ya yi dariya har tari ya kama shi. Alhaji ya ce, "Kenan kayana na saya? Da kuɗina?"

Malam ya share hawaye ya ce, "Mamudu, ka yi niyyar sadaka ga tsohon malami mai ciwon ƙirji, ga ta kuwa ta iso gare shi. Abin da ka biya la'adar dillalai ce. Kai da ba ka taɓa barin saniya ta fita daga kara, kasuwar shanu, ba la'ada, yau ka ji yadda take."

Motocin shanu ba su bar garejinmu ba. Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan duk mu sarƙa ɗaya ce, in ka ja bakinta a Djougou, a ƙofar gidanka za ta motsa. Kuma in mai mota ya ƙi shawararku, kada ku yi musu da shi, ku bar hanya ta yi masa bayani.

Da muka sauka a Partago, Alhaji ya fito riga jiƙe sharkaf, ya jawo ni gefe ya ce, "To yanzu sai ka nemo mini na ƙofar baya."

Na ce, "Zauna, Alhaji, ina zuwa."