'Yar Aike Tsakanin Umma da Iya

Asabar ɗin farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, muna zaune a kan tabarma a Islamiyyar unguwarmu a Birnin Kudu ana karɓar hadda, sai na hango mayafin Umma ta taga. Tun kafin ta yi sallama na san abin da ya kawo ta. Jakar buhu ce a hannunta cike da tsakin masara da sabulu da ragowar naman layya, ga ƙanena Sani a goye yana barci baki buɗe. Malam Habu ya ajiye bulala ya fita, ina jin sa yana cewa musabaƙa ta ƙarato, kuma yarinyar nan ya ɗora wa rai, in kullum Asabar sai an ɗauke ta, ta yaya karatu zai zauna? Umma ta ba shi haƙuri har da rusunawa, ita da take malamar makaranta, ta ce tsohuwa ce ba lafiya. Na tura izuna cikin jaka na fito ina kumbure-kumbure har muka kai tasha.

Tsohuwar ita ce Iya, mahaifiyar Umma, tana zaune ita kaɗai a wani ƙauye gaba da Gwaram. Ɗanta namiji guda ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, ƙanwar Umma kuma aure ya kai ta can kudu, sai a shekara ba a ga ƙeyarta ba. Babanmu direba ne a hanyar Kano, ya gyara ɗaki a gidanmu har da sabon labule, ya aika dattawa su roƙe ta ta dawo. Iya ta ce ko a ɗaure ba za ta kwana a gidan suruki yana jin tarinta ba. Shi ke nan, nauyi ya zauna a wuyan Umma, daga Litinin zuwa Juma'a tana aji da 'ya'yan mutane, Asabar da Lahadi tana hanyar Gwaram. Abin da ya sa ba ta iya tafiya ba tare da ni ba kuwa, Umma 'yar fari ce.

Yaran yanzu in an faɗa musu dariya suke yi, amma a wurin Iya kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tunda ta haifi Umma ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta zama hira da ita. In za ta ambace ta sai ta ce "ta Birnin Kudu". Umma za ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta, Iya ta juya wa bango fuska ta ce lafiya, gaisuwa ta ƙare. Ni kuwa da na shiga sai ɗaki ya cika. Ta ce ga ƙawarta mai ƙafa kamar sillen kara ta zo cinye mata gyaɗa, na ce ai tsohuwar da ba ta da haƙori gyaɗa ba tata ba ce, ta kai mini duka da mafici muna dariya. Wasan jika da kaka shi ne ƙofa guda da ta rage a buɗe a gidan nan, kuma ta nan Umma take shiga.

Wahalar da matar nan ta sha, sai da na girma na gane. Tun yammacin Juma'a take fara wankin kayan makarantarmu, ta yi mini kitso ina kuka, ta aika niƙa, ta kaɗa miyar da za ta ishi Baba da Yaya Auwal kwana biyu. Asabar da asuba ta tura Yaya Auwal darasin lissafi, ta ja masa kunne kada ya zarce filin ƙwallo, kuma kullum sai ya zarce. Ni ta bar ni na ɗan taɓa Islamiyya don kada a cire sunana, sannan ta zo ta ɗauke ni. A tasha mu jira mota ta cika, a Gwaram mu hau acaɓa mu uku da jaka. Muna sauka ko ruwa ba ta sha, sai ta ɗaura zani ta fito da shimfiɗar Iya rana, ta share turken awaki, ta ja ruwa a rijiya ta cika randuna, ta surfa geron da zai kai mako. Ni in na faki ido sai na tsere wurin yaran maƙwabta, mu yi 'yar carafke a gindin tsamiya ko mu tafi tsintar kanya, har sai na ji muryarta tana kira. Lahadi da la'asar a cikin mota take duba littattafan ɗalibanta a kan cinya, Sani yana jan biron.

Aikina na gaske a bayan rumbu ake ba ni shi. Umma za ta ja ni can ta yi ƙasa da murya, ta ce je ki ji ko ƙafar tana hana ta barci, ki duba ko ta sha maganin, ki ji me take marmari. Ba a kai wa Iya tambaya haka tsirara, sai na juya ta ta koma tsokana. Na ce na ga tsohuwa tana ɗingishi, ko rawa ta je ta yi a bikin wani? Ita kuma cikin zagi da dariya sai ta faɗi gaskiya, ta ce ƙafar ce kamar ana hura mata wuta, maganin kuma jiri yake sa ta. Na kwaso na kai bayan rumbu. Wani lokaci saƙon daga ɗaki yake fitowa. Na tuna ranar da ta miƙo mini man kaɗe a ɗan gwangwani, tana kallon wani wuri daban, ta ce, "Kai wa masu wankin nan, na ga hannu ya tsage." Umma ta karɓa ta daɗe tana juya gwangwanin, daga baya ta ƙulle shi a bakin zani.

Da na shiga aji shida sai makarantarmu ta sa darasin Asabar saboda jarrabawar shiga sakandare, aka ce duk wanda bai zo ba ya kuka da kansa. Umma ta yi ta juya maganar, a ƙarshe ita da kanta ta yanke cewa zan zauna. Ta ce an riga an ci mini musabaƙa, ba za a ci mini sakandare ba. Yaya Auwal ya tafi makarantar kwana, Sani bai iya riƙe saƙo ba, don haka ta riƙa tafiya ita kaɗai. Wallahi murna na yi, ba zan ɓoye ba. In ta dawo Lahadi na tambaye ta jikin Iya, sai ta ce, "Ta ce lafiya." Iyakar abin da ta samo ke nan a kwana biyu. Ta ga tukunya ta ƙone, ta tarar da takalmi a cikin kwandon hatsi, ta lura Iya tana maimaita sallar da ta riga ta yi, amma ba bakin tambaya, ba bakin amsa. Su biyu a tsakar gida ɗaya, ɗaya tana daka ɗaya tana jan carbi, har rana ta faɗi.

Sai da aka yi hutu na koma. Na shiga da tsokanata a baki, Iya ta dube ni ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna 'yan mata. An kai ta asibiti, aka ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba abin da za a yi sai kulawa da addu'a. Washegari da la'asar Umma ta zaunar da ita a inuwar darbejiya, ta kawo ruwan ɗumi a roba tana wanke mata ƙafa, ina gefe ina ɓare gyaɗa. Sai na ga Iya ta sunkuyo ta zuba wa Umma ido, kallon da ban taɓa ganin ta yi mata ba.

"Sannu, baiwar Allah," in ji ta. "'Yar gidan wa ce ke?"

Hannun Umma ya tsaya cikin ruwan. Iya ba ta jira amsa ba, ta ci gaba da hira sake-sake, ta yaba hannunta, ta sa mata albarka. Can ta ce, "Ni ma ina da 'ya a Birnin Kudu, Rakiya. Malama ce. Ba ta zuwa, amma ba laifinta ba ne, ga aiki ga yara."

Ranar na fara jin sunan uwata a bakin uwarta. Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "Za ta zo, Iya." Ta ɗauki ɗaya ƙafar ta ci gaba da wankewa.

Sau ɗaya Umma ta gwada faɗa mata gaskiya. Ta ce ni ce fa, Iya, ni ce ta Birnin Kudu. Iya ta dube ta, wani abu ya faɗo mata, nan take ta ja mayafi ta juya wa bango fuska, ba ta ƙara magana ba har muka tafi. Daga nan Umma ba ta sake ba. Ta gane abin da ya rage mata biyu ne, ko ta zama 'ya a yi mata shiru, ko ta zama baƙuwa a yi hira da ita, sai ta zaɓi baƙunta. Kowace Asabar ta sha hanya, ta yi wanki ta yi daka, sannan ta zauna a ba ta labarin Rakiya wadda ba ta zuwa, yadda ta yi ƙyanda tana ƙarama har aka fid da rai, yadda Iya ta ɓuya a bayan ɗaki ta yi kuka ranar da aka kai ta gidan miji. Ni kuma aikina ya ƙare, ba mai bukatar ɗan aike. Iya ta rasu da damina a tsakiyar mako, Umma tana aji aka zo aka faɗa mata.

Yau ina Kano da aure da aiki da yara uku, Baba ya rasu, Umma tana Birnin Kudu a gidan nan dai, ita ma ta ce ba za ta zauna a gidan suruki ba. Asabar ɗina a hanya take ƙarewa, wannan Islamiyya, wannan darasi, wannan ɗinkin kayan walima, ga biki ga gaisuwar rasuwa. In na samu na tsere Lahadi, ina isa ina duban rana saboda komawa. Yaran ba na ɗaukar su, don na san abin da ake ji in an fitar da mutum daga aji, su kuma in sun je gaisuwa kawai suke yi su koma gefe, ba wanda ya iya tsokanar ta. Tsakanina da Umma babu wata kunya, ni ba 'yar fari ba ce, ga waya a hannun kowa, amma duk abin da na tambaya lafiya lau ne, don kada ta ɗaga mini hankali. A da akwai hanyar da gaskiya take bi ta fito, ko da ta bayan rumbu ce, yanzu ban san ta inda zan nemo ta ba.

Kwanan nan ta fito da wata ɗabi'a. Muna zaune haka kawai sai ta kira sunana, "Safiya." Na amsa, ta yi shiru, ba abin da za ta ce. An jima ta sake. Da farko na ɗauka wani abu take so ta faɗa sai ta manta, daga baya na gane maimaitawa take yi don sunan ya zauna mata, don ita ta ga yadda abin ya fara wa Iya. Na san inda muka nufa, kuma na san Lahadina ba za ta isa ba. Duk sanda ta kira dai ina amsawa.