Auren da Na Ɗaura wa Kwamanda

Shekarar da yayana ya dawo daga cin rani da tele da kwanon kama tasha da panno guda na hasken rana, gidanmu na Belbeji ya koma gidan kallo. Bayan la'asar matan unguwa sukan shigo da tabarminsu, wata da tsintar wake a faifai, wata da kitson da ba a ƙarasa ba. Ni ce tafinta, tunda ni ce malamar lakwal, wato makarantar boko, a gidan. Ina zama gefen akwatin, ƴan fim suna Faransanci ina juyawa har maƙogwarona ya bushe. Ba wadda ta taɓa miƙo mini ko ruwa, amma in na yi jinkiri sai a ce Madam ta fara gyangyaɗi.

Shirin da ya kama mu na wani jirgi ne da ya ɓata a cikin taurari, mutanen ciki suna neman hanyar gida. Kwamandar jirgin mace ce, doguwa, kai a aske kamar na soja, ba miji ba ɗa. In ta buɗe baki maza sukan ruga. Matan suka rabu a kanta. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta ce wannan namiji ne aka sa wa ɗankunne. Tsohuwar da ke kawo mana cuku daga daji ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, in maza suka yi arewa da raƙuma wa ke riƙe da komai? Matar yayana kuwa ta ce ta gaji da finafinan da mace ba ta da aiki sai kuka da kai abinci, ko ba komai wannan ba ta jiƙa ɗankwali da hawaye.

Yayana cewa yake shi bai kallon shirme. Yakan zauna ƙarƙashin itacen bedi da butar shayinsa, ya juya mana rabin baya, amma ya fi kowa sanin inda aka tsaya jiya. A ganinsa matan fim iri biyu ne, mai kuka da wadda ta fi ƙarfin gida, kuma kwamanda tana cikin na biyu. Ya ce haka boko ke mayar da su in ya yi yawa.

Wannan magana ba kwamanda ta dama ba, ƴarsa ta fari ta dama. Yarinyar ta gama kwalej, kuma Allah ya ba ta hannu. Ita ta haɗa wayoyin pannon nan da uban ya kasa. Wata ƙungiya mai aikin rijiyoyi ta yi jarrabawa don ɗaukar matasan kwarin Tarka su koyi gyaran famfon sola a Damagaram, ta ci, ita kaɗai mace. Abin da ya rage uba ya sa hannu a takarda kafin mota ta tashi ran kasuwa ta ƙarshen wata. Takardar tana ƙarƙashin katifarsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Yarinyar ta same ni a madafa ina tankaɗe.

"Gwaggo, ki riƙa faɗin maganar kwamanda yadda take. Ina so Baba ya ga mace tana iya riƙe mutane."

Na ce ta bar ni da shi, nono ɗaya muka sha, na san inda ake kama shi. A lokacin ina jin kaina da wayo ƙwarai.

A jirgin akwai wani dattijo mai farin gemu, shi ne makanike, ƙarƙashinta yake. Kafin ta yanke kowace shawara takan kira shi ta tambayi ƙarfin inji. Sai na ɗaura musu aure da bakina. In ta ce masa ya tayar da inji yanzu, sai in ce, "Maigida, ka yarda mu tafi?" In ya amsa da an gama, sai in ce, "Na yarda, Allah ya kiyaye hanya." Da na ga abin ya shiga, na ƙara mata ƴaƴa uku da ta bari wajen uwarta. Mai ƙosai ta ce dama ita ta ga alamar tarbiyya a tafiyar matar. Yarinyar, wadda ke jin Faransanci kamar ni, takan zuba mini ido, ni kuwa in kau da kai. Ba a yi mako biyu ba yayana ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, har yana cewa a yi shiru. Na ce a raina an gama.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, ya kira mu mu biyu. Takardar tana hannunsa. Har da biro na zo a cikin zanena. Ya ce shirin nan ya buɗe masa ido, ya gane ilimi bai ɓata mace. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Amma kun ga matar nan," ya ce, "da jirginta da komai, ba ta motsi sai da izinin mijinta. Abin da ya tsare ta ke nan. Ba zan tura budurwa Damagaram ita kaɗai cikin maza ba. Ran da ta yi aure, in mijinta ya yarda, ni da kaina zan kai ta tasha."

Na ce Yaya, tsaya. Na faɗa masa komai: ba miji, ba ƴaƴa, dattijon nan ma'aikacinta ne, ni na ƙaga. Ya saurare ni har ƙarshe, ya zuba shayi a kofi ya mayar a buta.

"To, in haka ne, maganata ta farko tana nan ke nan, ta fi ƙarfin gida."

Ya ƙara da cewa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ƙanwarsa ta mayar da shi wawa gaban matan unguwa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da ƙaryar da gaskiyar duk wuri ɗaya suka kai ni, ba ni da ta uku da zan faɗa. A yinin nan na je wajen baffanmu, na je wajen daraktan lakwal, na je wajen limamin unguwa. Kowa ya tausaya, kowa ya ce magana ce tsakanin uba da ƴarsa. Washegari mota ta tashi, aka ba wani gurbinta.

Na daina tafinta. Matan suka ci gaba da kallo suna ƙaga nasu labarin, kuma har yau a unguwarmu kwamanda matar aure ce. Yarinyar ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini fura kamar kullum. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don kunyarta nake ji fiye da ta ubanta.

Da rani ya yi tsanani famfon sola na unguwarmu ya tsaya. Aka aika garin Tanut a kira mai gyara, aka ce yana wani ƙauye, a yi haƙuri. Kwana da kwanaki muna zuwa tsohuwar rijiya ta bayan gari da jaki. Wata safiya muna dawowa ni da ita, muka biyo ta gefen famfon. Ta tsaya jikin shingen waya, ta daɗe tana leƙen akwatin wutar, sannan ta nuna mini wata waya da ta yi baƙi. Ta ce ita ce ta ƙone, aikin bai kai dahuwar shayi ba.

Na ce mu je mu gaya wa ƴan kwamiti yanzu.

"Na gaya musu tun shekaranjiya. Sun ce ba su buɗe wa wanda ba shi da takardar koyo." Ta kwance igiyar kayan jakin. "Gwaggo, ɗauki bidon ruwa ɗaya, jakin ya gaji."