Malama Tan da Jana'izar da Ta Wuce Shiru

Kafin gari ya gama wayewa Malama Tan Shufen take isowa ƙofar sakandaren garinmu a kan tsohon kekenta, da rakoda a kwando, ta lulluɓe ta da tawul kamar jaririya. Ni ke sayar da awara da kunun waken suya a bakin ƙofar, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba. Takan karɓi kofi guda, ta shanye a tsaye, sannan ta dube ni.

"Tsoho Pang, in na kunna, ka rufe min wannan maƙogwaron naka."

"Malama, awara ba ta sayar da kanta."

"Ƙaurinta ke kiran mutane, ba muryarka ba."

Turanci take koyarwa tun daga ajin farko har zuwa ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Ƙarshen shekarar nan ake jarrabawar da ke raba yara gida biyu: masu wucewa babbar sakandare a birni, da masu hawa motar lardin Guangdong su je ɗinkin takalma a masana'anta. A takardar Turanci akwai sashen sauraro. Sai a kunna lasifika, Bature da Baturiya su yi hira, yaro ya zaɓi amsa. Wanda bai ji ba, shi ke nan bai ji ba. Ba a tsayarwa don wani, ba a koma masa baya. Yaran birni sun taso da darasin bayan makaranta, namu kuwa sun taso da kukan agwagi. Wannan ramin Malama Tan ta ƙare ƙuruciyarta tana cikewa.

Kullum da safe, kafin kowane darasi, sai ta sa su rufe ido, su ajiye biro, sai ajin ya yi tsit sannan ta danna. Ba ta maimaitawa ko da za a yi mata kuka. An ce wani yaro mai baki ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malama, Baturen nan kamar ya cika baki da awarar Tsoho Pang mai zafi." Ta ce, "To ka kasa kunne, ranar jarrabawa ba zai jira ya haɗiye don kai ba." Aji ya fashe da dariya, ta bari suka gama, ta ci gaba daga inda kaset ya kai, ba daga inda suka tsaya ba.

Ita ce ta gano 'yar mai gyaran keke ba ta ji da kunnen hagu, abin da iyayen yarinyar ba su sani ba, suna ta zaginta da taurin kai. Ta sauya mata wurin zama, ta kai ta asibiti a bayan kekenta. In zafi ya shigo, ƙwarin nan masu ƙara suka cika bishiyoyin makaranta, za ka gan ta da doguwar gora tana dukan rassa kamar mai kaɗe 'ya'yan itace. Ta yi faɗa da mai injin yanka katako, ta yi da direbobin tifa, ta yi da matan da ke rawa a dandali da kiɗansu. Ba kowa ke sonta ba, kuma ba ta taɓa neman a so ta ba.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu, ni da makarantata ba ta wuce firamare ba, shi ne abin da ya faru shekarar da surukarta ta rasu.

Tsohuwar ita ce uwar 'yan gidan Meng, Dahai babba, da Erhai mijin Malama. Ita ta goya wa Malama ɗa, ta dafa mata, ta wanke mata, duk tsawon shekarun da take kwana da tashi a makaranta. Da ta rasu aka kira mai duba ya zaɓi ranar fita da gawa da sa'ar fita. Sa'ar ta faɗo daidai safiyar takardar Turanci. Hanyar maƙabarta kuwa ɗaya ce, ta bi jikin katangar makaranta har zuwa gada. A nan ba a fitar da tsohuwa mai 'ya'ya da jikoki a ɓoye. Algaita a gaba, ganguna, nokawut ana fasawa a kowace kwana don a buɗe mata hanya, mata a baya suna kuka iya ƙarfinsu.

Ana gobe za a fita, Malama ta sami Dahai a tsakar gida, mutane na zaune.

"Babban Yaya, a ɗan jinkirta fitar."

"Ni na zaɓi sa'ar? Je ki gaya wa mai duba."

"To a bi ta bayan gari."

"Ta cikin gonar shinkafa? Sai ki ɗauki akwatin gawar da kanki ki shiga taɓon."

"To a wuce makaranta shiru. Iyakar katangar kawai."

Dahai ya ajiye kofin shayinsa. "Shiru? Wanda ake fitarwa shiru shi ne wanda bai bar kowa a duniya ba. Uwata ta haifi maza biyu. Wa ya goya miki ɗa kina can kina koya wa 'ya'yan mutane yaren Turawa?"

"Inna ce."

"To ki yi mata kukan da gari zai ji. Aikinki ke nan gobe."

Erhai yana gefe yana kallon ƙasa. Mutumin kirki ne, amma tun yana yaro bai taɓa ɗaga ido a gaban yayansa ba.

Washegari ina cikin masu ɗaukar akwatin. Abu biyu kowa ya sani. In an ɗaga akwatin gawa, ba ya taɓa ƙasa, ba ya juyawa baya, sai bakin kabari. Kuma in mai sanye da farin makoki ya durƙusa maka, ba ka wuce shi sai ka ɗaga shi da hannunka. Muka fito da ƙara kamar gari zai tsage. Ɗan sandan da aka ajiye a ƙofar makaranta yana tare manyan motoci ya hango mu, ya cire hula, ya juya fuska. Mota zai iya tsayarwa, amma wa zai tsayar da gawa?

Malama tana cikin mata a baya, fari daga kai har ƙafa. Da muka doso kwanar katanga ta ɗaga kai. Tagogin azuzuwan duk a buɗe saboda zafi, kuma tsakanin bugun ganga da bugun ganga ta jiyo ɗan kiɗan nan da ake sakawa kafin a fara sauraro. Ta san shi kamar yadda ta san muryar ɗanta. A cikin ɗakunan akwai yaran da ta shekara uku tana rufe wa ido da safe. A cikin akwatin akwai matar da take kira Inna. Ta fita daga layi, ta wuce mu da sauri, ta wuce masu ganga, ta zube a tsakiyar titi gaban mai algaita, goshinta a ƙasa.

Mai algaita ya cire ta daga baki don mamaki. Mu muka tsaya cak da kaya a kafaɗa.

"Tashi!" in ji Dahai. "Kin haukace? Gari na kallonmu!"

"Babban Yaya, ka ɗaga ni ko ka taka ni ka wuce. Daga nan zuwa gada kawai nake roƙo."

"Erhai, zo ka ɗauke matarka!"

Erhai ya zo. Duk muka ɗauka janye ta zai yi. Sai ya durƙusa kusa da ita.

Wani daga cikinmu ya yi ihu, "Dahai, ka yanke magana, kafaɗa ta mutu! Ko so kake mu sauke Inna a kwalta?"

Dahai ya dubi akwatin, ya dubi tagogin. Fuskarsa ta yi ja kamar an mare shi. Ya fizgo Malama ta hannu ya tsayar da ita, ya juya ya ɗaga wa makaɗa hannu. Mai riƙe da nokawut ya murƙushe tabar da yake kunna su da ita.

Haka muka bi katangar nan. Ba ka jin komai sai takun ƙafa da kukan igiyar da muka ɗaure akwatin da ita, sai kuma muryar Baturiya tana fitowa tar daga taga. Na bayana ya raɗa min, "Me take cewa?" Na ce, "Ka ga na yi kama da wanda ya sani? Riƙe sandar akwati." Malama tana tafe gefen akwatin, hannunta a kansa, hawaye na zuba ba sauti, leɓɓanta na motsi. Tambayoyin take bi.

Muna sauka daga gada Dahai ya sauke hannu, komai ya ɓarke. A ranar babu matar da ta kai Malama kuka. Sai da muryarta ta dushe, ta yi kwanaki tana koyarwa da alli kawai.

Ba zan yi ƙaryar cewa duk yaran sun ci ba. Wasu sun wuce birni, wasu sun hau motar Guangdong. Amma a cikinsu babu ko ɗaya da ya fito ya ce bai ji ba. Wanda ya faɗi, da kansa ya faɗi.

Ke kuwa, Malama, ke kika biya. Ke ce aka riƙa nunawa a kasuwa ana cewa ga wadda ta fitar da surukarta kamar marar gata. Ke ce tun daga shekarar ba a sake ajiye wa kujera a teburin gidan Meng ranar cin abincin sabuwar shekara ba, kuna ci ke da mijinki a ɗakin malamai. Ke ce ba ki taɓa kai ƙarar kowa ba, ba ki kuma taɓa gaya wa yaran abin da shirun nan ya ci miki ba. Yawancinsu har yau sun ɗauka sa'a suka yi.

Makon jiya Malama Tan ta yi ritaya. An ba ta furanni da takardar yabo, shugaban makaranta ya yi jawabi, bai ambaci katanga ba. Da rana tsaka sai ga Dahai a rumfata, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ci awara yana tsaki.

"Gishiri ya yi yawa."

"Haƙoranka ne suka ƙare."

Ya jima yana kallon ƙofar makarantar. "An ce ta gama."

"Ta gama."

"Teburin nan ya yi mana girma tun da yara suka watse. Ka gaya mata."

"Ni ɗan aikenka ne? Baki gare ka, ƙafa gare ka, ga gidanta can."

Ya zage ni, ya miƙe. Da ya kai kwana na ga bai yi hanyar gidansa ba. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga Erhai jiya a kasuwa yana zaɓen kifi mafi girma, yana dariya da baki har kunne.

Malama Tan Shufen, uwar masu sauraro, mun gode. Na gode a madadin waɗanda suka sani, da waɗanda sai yau za su sani. Ku tsofaffin ɗalibanta, duk inda kuke, a ofis ko a masana'anta, ku zo ku gaishe ta tun tana ji da kunnenta. Ku kuma malamai masu tasowa, ba na ce ku durƙusa a titi ba. Cewa na yi in an ba ku 'ya'yan mutane, ku riƙe su yadda ta riƙe, har ranar da riƙon zai ci muku wani abu.