Sai da Muka Bar Ƙofar Makarantar Ta Yi Magana

Ni mutum ce mai mantuwa, masu kawo min ɗinki su ne shaidata. Amma abin da ya samu 'yata a wata makarantar kuɗi da ke Tirwun, a gefen garin Bauchi, ba na jin ko tsufa zai iya goge min shi. Yarinyar yanzu ta zama budurwa, har ta fi ni tsawo, amma har yau ranar kamar jiya take a wurina.

A Wunti nake da shagon ɗinki, can kuma muke zaune. Ita ce 'yata ta fari, kuma tun tana ƙarama Allah ya yi mata surutu. Idan ta zauna a shago, babu mai shigowa da ba za ta tambaye shi sunansa da unguwarsu ba. Da ta isa shiga firamare, babanta ya ce a bar ta a ta kusa da gida. Na ce ban yarda ba. Ni turanci ya sha ba ni kunya. Mata ma'aikata su zo shagona su yi ta yi a tsakaninsu, ni kuwa sai murmushi, ban sani ba ko yabon ɗinkin suke yi ko kushe shi. Na ƙudura a raina 'yata ba za ta tsaya haka a gaban kowa ba.

Na rufe shago na shiga yawon neman makaranta. Ta farko, da suka faɗa min kuɗin zango ɗaya, sai na tambaya ko na shekara suke nufi. Na ce zan dawo, har yau ban koma ba. Ta biyu da sauƙi, amma gidan haya ne aka mayar makaranta, yara a cunkushe, warin banɗaki kuma tun daga zaure yake yi wa mutum sannu da zuwa. Ta ukun ita ce ta Tirwun, wadda wata mai kawo min ɗinki ta yi ta yaba min. Sabon gini ne a tsakiyar gonakin masara, da fenti mai kyau, da lilo, da ɗakin kwamfuta, da motar ɗaukar yara, har da ɗan masallaci a gefe. Kuɗin da nauyi, amma idan muka matse za mu iya.

Sai dai ba ginin ne ya saye ni ba. Lokacin tara na je, yara cike da fili, amma ban ji Hausa ko kalma ɗaya ba. Mai makarantar, wata hajiya mai fara'a, ta lura da yadda na saki baki, ta ce, "Ai Maman yara, nan ba a yin banakula." Na ce mene ne kuma banakula? Ta ce duk wani yare da ba turanci ba, Hausa ne ko Fulatanci ko Jaranci. Daɗi ya kama ni. Na yi tambaya a kan ruwan sha, na leƙa banɗaki, na duba tsawon katanga, na dawo gida na ce wa maigidan na samo.

Zangon farko kuwa na ga abin da nake so. Yarinya ta fara dawowa da turanci a baki, ni kuma duk wadda ta shigo shago sai na ce, "Zo ki gaishe ta irin ta makaranta." Surutun nan nata ya ragu sosai. Har na ce wa babanta, "Ka gani ko? Ta fara hankali."

Ranar da abin ya faru cikin damina ne, bayan azahar. Ina tsakiyar yanka atamfa wayata ta yi ƙara. Malamar ajinsu ce, ta fara zuba min turanci. Na ce, "Malama, don Allah yi min Hausa." Sai ta yi ƙasa da murya kamar mai gulma, ta ce da sauri, "Ki zo, zazzaɓi ya rufe ta." Na wurga almakashin a jaka ban ma sani ba, na tari keke napep.

A ofis na same ta kwance a kan benci. Na san zazzaɓi, wannan ba shi ba ne. Gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, yawu na dalala ta gefen bakinta, jikinta na karkarwa, ta cije leɓe har ya fashe. Ƙafa ɗaya ba takalmi. Malamar ta ce tun da suka fito daga salla take kuka, sun ba ta maganin zazzaɓi ta amayar. Na durƙusa na ce, "Uwata, ina ke miki ciwo?" Ta dube ni, ta dubi Hajiya mai makarantar da ke tsaye a bakin ƙofa, sai ta ce "ƙafata" da turanci, ta yi shiru. Na duba ƙafar ban ga jini ba, ban ga targaɗe ba. Na saɓa ta a kafaɗa na fita.

Mai keken ya ja, muka wuce maigadi, muka hau hanya. Sai na ji ta ɗaga kai daga ƙirjina tana waige.

"Umma, mun fita daga makaranta?"

Na ce mun fita.

"Kunama ce ta harbe ni. Tana cikin takalmina."

Mai keken ma ya ji, ya yi salati, ya ce, "Hajiya, riƙe ta da kyau," ya taka wuta. Na ce, "Tun yaushe? Me ya sa ba ki faɗa wa Malama ba?" Tana haki ta ce, "Ban san sunanta da turanci ba."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ni babba kunama ta taɓa harbina, sai da duk layinmu suka ji ihuna. Ga yarinya 'yar shekara shida ta zauna da wannan azabar a kan kujerar aji, tana neman kalma.

A asibiti likita ya tambaye ni tun yaushe abin ya faru, na ce ban sani ba. Ya tsawata, ya ce dafin kunama a jikin ƙaramin yaro ba abin wasa ba ne, me ya sa aka zauna da ita? Aka yi mata allura a yatsan ƙafar da kunamar ta harba, aka sa mata ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina roƙon Allah kada ya karɓe ta a kan wannan. Babanta ya iso ya tsaya a kanta. Wajen magariba gumin ya tsaya, ta nemi ruwa, sannan na dawo cikin hayyacina.

A kan gadon nan ta ba mu labarin kwali. Ashe a kowane aji akwai wani kwali mai igiya, an zana jaki a jiki. Duk wanda aka ji ya yi banakula sai a rataya masa a wuya, 'yan aji su yi ta yi masa kukan jaki, kuma ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, shi zai durƙusa a gaban taron safe. Ita da bakinta ba ya shiru, ta sha shi a farkon zango har ta koyi kame baki. Wannan shi ne hankalin da nake ta yabo.

Washegari da safe na koma Tirwun, ko karyawa ban yi ba. Ban bi ta ofis ba, kai tsaye ajinsu na shiga. Malamar ta miƙe, na ce ta zauna. Na dubi yaran na ce da Hausa, da ƙarfi, "Wa ya ga abin da ya samu 'yata jiya?" Tsit. Duk suka zuba ido a kan wani ƙusa kusa da allo, inda kwalin yake rataye. Na fizgo shi, na laluba jaka, sai ga almakashin jiya. Na yi masa gutsi-gutsi a gabansu. Na ce, "To, babu jaki yau. Wa ya gani?"

Hannu ɗaya ya tashi, sai na biyu, kafin ka ce me kusan rabin ajin. Wata 'yar firit ta ce, "Mun gani. A ƙofar masallaci ne, da ta sa takalmi. Kunamar ta faɗo ƙasa muka kashe ta da dutse." Na ce to me ya hana ku faɗa? Ta ce su ma ba su san sunanta da turanci ba, kuma wanda kwalin ke wuyansa yana tsaye kusa da su yana saurare.

Na zauna a kan teburin wani yaro. Na zo da niyyar in ci mutuncin malamar, sai na ga ita ma hawaye take yi. Ta ce, "Wallahi Maman yara, na tambaye su. Na ga kamar suna son magana. Da na yi musu Hausa sau ɗaya da sun faɗa min." Haifaffiyar cikin garin Bauchi ce, Hausarta ta fi tawa. Amma su ma malaman, duk wanda aka ji ya yi wa yaro Hausa sai an yanke masa albashi.

Hajiya ta shigo, hayaniya ta kirawo ta. Ta jajanta min, ta ce za ta sa a yi feshi a nome ciyawar bayan masallaci. Na ce, "Hajiya, ba kunamar na zo ƙara ba. Kunama ko a ɗakina tana iya shiga. Yara rabin aji sun ga ɗiyata za ta mutu, tsoron kwali ya hana su buɗe baki!" Ta gyara mayafi ta ce, "Ki yi haƙuri, amma abin da iyaye suke biya ke nan. Idan yaro ya koma gida yana Hausa, gobe uwarsa za ta cire shi." Ba ƙarya ta yi ba, ni ma abin da na biya ke nan. Na ɗauki jakar 'yata da takalminta ƙafa ɗaya na fito.

Da ta warke na sake fita neman makaranta, amma wannan karon ban fara da ofis ba. Lokacin tashi nake zuwa, in sayi gyaɗa in tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani. In tare yara in ce, "Idan ba ku da lafiya wa kuke faɗa wa? Idan kun yi laifi me ake muku?" Yara ba su iya talla ba, abin da ke akwai shi suke faɗa. A ƙarshe na sa ta a wata da ba ta da lilo ba ta da mota, inda na ji malami ya yi bayani da turanci, da ya ga yaran sun yi zuru ya maimaita da Hausa. Sai da ta yi kusan shekara kafin surutunta ya dawo. Turancin kuwa ta iya shi, yanzu ita ke karanta min saƙon masu ɗinki.

Abin da na koya shi ne, kuɗin makaranta a ofis ake jinsa, gini kuma ido yana gani, amma yadda yaro yake wuni a ciki sai a bakin yara, kuma sai ka tambaye su da yaren da suke kuka da shi. Duk makarantar da ɗana zai ji ciwo ya tsaya neman fassara kafin ya ce wayyo, ko kyauta aka ba ni ba na so.