Ƙarfen da aka dasa a goshinsa

Shin ya ji kiran da na yi masa ran nan, ko bai ji ba? Na tsufa, ya rasu, har yau ban sani ba.

A Barmou muke, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Maigidana ya kora jakai zai tafi kasuwar Takanamat, sai ɗiyarmu ta fara sanƙarewa a hannuna. Na fito da gudu ina ƙwala masa kira. Bai yi nisa ba, har facin bayan rigarsa ina gani. Bai waiwayo ba. Kafin ya dawo an binne ta.

Ya rantse bai ji ba. Wai kunnensa na hagu ya toshe tun yana yaro, na dama kuma rawani ya rufe shi, ga iska.

Bayan girbi kunnen ya soma ruwa, na bi shi asibiti a Tawa, kuma ba tausayi kaɗai ya kai ni ba. Likita ya leƙa da 'yar fitila. Sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai ƙafa biyu, ya buga a gwiwarsa, ya dasa gindinsa a tsakiyar goshin maigida.

"Ta ina kake jin ƙarar, malam?"

"Ta hagu."

Na yi zumbur na miƙe. "Wane hagu? Mataccen?"

"Zauna, baiwar Allah," in ji likita. "Can ciki lafiya lau yake, hanyar tsakiya ce ta toshe. Ƙarar nan ta ƙashi ta bi. Muryarki kuwa ta ƙofar kunne take shiga."

Ya matso da ƙarfen bakin kunnen, maigida ya girgiza kai. Ni dai na dube su. Maza ne, kuma sun riga ni shiga ɗakin; wa ya san abin da suka ƙulla?

Daga nan na shiga gwada shi. In kira shi ƙasa-ƙasa ta bayansa, in saki ƙwarya da gangan ina kallon wuyansa. Wani lokaci ya motsa, wani lokaci a'a. Haka muka tsufa.

A ciwonsa na ƙarshe ya juya fuska ga bango. Ina zaune bayansa, hawaye na zuba, na ambaci sunan yarinyar a hankali. Ko numfashina ya ji a ƙeyarsa, ko muryata, Allah masani. Bai juyo ba, ya ce:

"Ke, gwajin ya isa haka nan. Ba ni ruwa."